Makarantun Kurfey: Shirin shekara shida da zai iya fitar da yaran Filinge daga sahun baya

A farkon watan Oktoba na kowace shekara ake buɗe makarantun boko a Jamhuriyar Nijar. Haka yake a takardun ma'aikatar ilimi da ke Yamai. Amma a ƙauyuka da dama na ƙasar Kurfey, cikin gundumar Filinge ta jihar Tillaberi, gero ne ke yanke ranar da karatu zai kankama.

Sai an gama girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, an sare kara, sannan iyaye ke samun sukunin kafa dirkoki, su kewaye su da zana, su ce wa malam ga aji. Kafin nan yaran ma suna gona. Idan kuma hadarin farko ya taso da iska a ƙarshen watan Mayu, ajin kan riga shekarar karatu ƙarewa.

Lissafin mai sauƙi ne. Shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. Makarantar da ta fara aiki a tsakiyar Nuwamba ta watse a ƙarshen Mayu ta yi asarar wata biyu da rabi. Idan haka ta maimaitu tun daga ajin CI har zuwa CM2, yaro ya rasa wata 15 ke nan, fiye da shekara ɗaya da rabi ta karatu. Wannan yaron ne kuma zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CFEPD, wadda aka dawo da ita a 2024 bayan kusan shekara goma da dakatar da ita, ya amsa tambayoyi iri ɗaya da ɗan birnin da ya shekara shida a ajin siminti.

Tambayar da ke gaban iyaye da malamai da 'yan asalin yankin mazauna Yamai da ƙasashen waje ita ce, ta ina za a kama gyaran makarantar da ta daɗe a baya, kuma shekara nawa aikin zai ci?

Yankin da ake magana a kai

Garin Filinge yana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kan kwarin Dallol Bosso. Tun bayan da aka cire Abala da Baleyara suka zama gundumomi masu cin gashin kansu a 2011, gundumar ta rage da ƙananan hukumomi huɗu: Filinge, da Kurfey ta Tsakiya mai hedikwata a Shikal, da Imanan mai hedikwata a Bonkuku, da Tondikandiya mai hedikwata a Damana. A ƙauyen Fandu na Tondikandiya aka haifi Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987.

Kurfayawa Hausa suke yi. A Tondikandiya Zabarmanci ya fi yawa, a Imanan akwai Buzaye da Zabarmawa, ga kuma Fulani makiyaya a ko'ina. Noman gero da wake da kiwo su ne abin dogaro, kuma da zarar an kai amfanin gona gida, magidanta da samari da yawa kan kama hanyar bida zuwa Yamai, Najeriya, Ghana, Kwaddibuwa ko Libiya. Wannan tafiya tsohuwa ce, ta samo asali tun zamanin mulkin mallaka.

Kowanne daga cikin waɗannan abubuwa yana taɓa makaranta kai tsaye: harshen da yaro ke zuwa da shi aji, da lokacin da yake samun zuwa, da kuma wanda ke gida yana bin kadin karatunsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Nijar ta yi ƙoƙari sosai wajen shigar da yara makaranta. A shekarar 2000 ƙasa da kashi 40 cikin 100 ne ma'aunin shiga firamare, amma bayan shekara goma sha ya haura kashi 70. An buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo da alli ba.

Sai dai shiga aji daban, koyon karatu daban. A 2014 shirin PASEC, wanda ke auna ƙwazon ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gwada yaran ƙasashe goma. Nijar ce ta zo ƙarshe. A cikin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare, ƙasa da ɗaya cikin goma ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu, haka ma a lissafi. Da aka sake gwajin a 2019 an samu ci gaba, inda kusan kashi 30 cikin 100 suka kai matakin a karatu, sama da kashi 20 kuma a lissafi. Ko da wannan ci gaban, bakwai cikin goma na yaran da suka kai CM2 ba sa iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata.

Waɗannan alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne, sun haɗa da makarantun Yamai da masu zaman kansu. A duk irin wannan gwaji makarantun karkara ne ke zuwa ƙasa da na birni.

Ɓangaren malamai ma an auna shi. A watan Yulin 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé ke ministan ilimin firamare, gwamnati ta shirya wa dubban malaman kwantaragi jarrabawa duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kimanin kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka samu rabin maki ko fiye. An sallami wasu, aka tura wasu ƙarin horo. Tsarin kwantaragin kansa ya faro ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka fara ɗaukar 'yan sa-kai don cike giɓin malamai da kuɗi kaɗan, kuma a hankali su ne suka zama mafi rinjaye a azuzuwan firamare.

Ba tsare-tsare aka rasa ba

Wanda ya ce Nijar ba ta da dogon shiri kan ilimi bai duba tarihi ba. An kafa dokar tsarin ilimi ta LOSEN a 1998. Aka yi shirin shekara goma na PDDE daga 2003. Aka bi shi da PSEF wanda aka tsara daga 2014 zuwa 2024, sannan da aka ga alƙaluman da aka gina shi a kai suna da gyara, aka maye gurbinsa da shirin wucin gadi na PTSEF daga 2020. A 2017 aka kafa asusun bai-ɗaya na ilimi, FCSE, inda ƙasashe masu ba da tallafi ke zuba kuɗi. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 140 a 2020 don shirin LIRE na inganta koyo da koyarwa, ya ƙara dala miliyan 230 a 2023.

Matsalar ita ce waɗannan shirye-shirye na ƙasa ne, ma'auninsu ma na ƙasa ne: azuzuwa nawa aka gina, malamai nawa aka ɗauka, littattafai nawa aka saya. Ga kuma yawan jama'a da ke ƙaruwa da sama da kashi 3 cikin 100 duk shekara, inda kusan rabin 'yan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Kowace damina sai ta kawo sababbin yara fiye da azuzuwan da aka gina, shi ya sa hukumomi da kansu suka riƙa ambaton azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasar, musamman bayan gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, waɗanda kowacce ta ci rayukan yara kusan 20 ko fiye.

A cikin wannan gudu na cike giɓi, makarantar ƙauye mai malamai biyu da azuzuwa huɗu kan ɓace a cikin jimilla. Ba ta da nata shirin, ba wanda ya rubuta inda take yau da inda ake so ta kai bayan shekara uku.

Abubuwa biyar da ke jan makaranta baya

Na farko shi ne lokaci. Ban da jiran kara da saurin damina, akwai yajin aiki, da ranakun kasuwa, da tafiyar malami zuwa gari karɓar albashi, wadda kan ci kwanaki idan ƙauyen na nesa da hanya. A 2024 ma ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ɗage komawa makaranta a duk ƙasar daga ranar 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Na biyu shi ne zaman malami. Sabon malami ake yawan turawa ƙauye mai nisa, shi kuma daga ranar da ya sauka yake neman hanyar sauyin wurin aiki. Ga malama mai aure a birni abin ya fi wuya. Makarantar da ke sauya darakta duk shekara biyu ba ta iya riƙe wani shiri, domin duk wanda ya zo daga farko yake farawa.

Na uku shi ne harshe. Yaro ɗan shekara bakwai da bai taɓa jin Faransanci a gida ko a kasuwa ba, ana so ya koyi harshen, ya kuma koyi haɗa baƙi a cikinsa lokaci guda. Da yawa sukan haddace abin da ke kan allo su maimaita da ƙarfi, ba tare da sun gane harafi ɗaya ba.

Na huɗu shi ne yunwa da ƙaura. A shekarar da damina ba ta yi kyau ba, gida kan tashi gaba ɗaya, ko a cire babban yaro ya bi dabbobi, a cire yarinya ta taya uwa ɗiban ruwa da daka. Inda akwai ɗakin dafa wa ɗalibai abinci, irin wanda Hukumar Abinci ta Duniya ke tallafawa, yara sun fi zama har ƙarshen shekara.

Na biyar shi ne tsaro. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tillaberi, ciki har da Abala mai maƙwabtaka da Filinge, daga baya aka faɗaɗa ta har zuwa Filingen. A 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassan jihar, alhali babur ne abin hawan malami da mai duba malamai. A 2023 makarantun da aka rufe a jihar Tillaberi saboda barazanar 'yan bindiga sun kai kusan 900. Yaran da suka tsere da iyayensu kan ƙare a makarantun garuruwan da ke da sauran kwanciyar hankali, ajin da ya riga ya cika ya ƙara cika.

Darasi daga gida

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara wani shiri a jihar Tawa mai suna Makaranta Don Kowa. Ginshiƙinsa shi ne kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES: a zaɓi mambobinsa ta ƙuri'ar sirri, a tara gari a tattauna matsalolin makaranta, a rubuta shirin aiki na shekara, a dawo a ba da bayanin abin da aka kashe. Zuwa 2007 an bazu da tsarin a duk faɗin ƙasar.

To amma kwamiti da kuɗi kaɗai sun isa? Wasu masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin wani gwaji da aka yi a makarantu 1,000 na jihohin Tawa da Damagaram, inda aka bai wa kwamitocin rabinsu tallafin kuɗi a ƙarshen 2007. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, an sayi kayan aiki. Amma makin yara bai tashi ba, kuma fashin malamai ma ɗan ƙaruwa ya yi.

Bayan wasu shekaru aka yi wani gwajin a yankunan Say da Torodi na jihar Tillaberi, wanda Eiji Kozuka ya yi nazari a kansa. Wasu makarantu kuɗi kawai aka ba su. Wasu kuma aka haɗa musu da horo kan yadda za a gwada yara, a nuna wa iyaye sakamakon a bainar jama'a, sannan a tsara kashe kuɗin a kan abin da zai ɗaga karatu. A rukuni na biyu ne makin yara ya tashi, domin iyayen sun karkata ga shirya darussan ƙari da karatun dare.

Daga irin wannan tunani aka gina tsarin da ake kira PMAQ, wanda aka gudanar a dubban makarantun jihar Tillaberi. Ana gwada kowane yaro, a sanar da taron gari, a raba littattafan atisayen lissafi, a samu masu sa-kai daga cikin gari su zauna da yara bayan an tashi daga makaranta. Daga baya aka haɗa shi da dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda ke raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke: masu sanin harafi gefe guda, masu haɗa kalma gefe guda, masu karanta jimla gefe guda.

Abin da gwaje-gwajen biyu suka nuna shi ne, uban da bai yi boko ba ba ya iya gane ko ɗansa na koyo ta duban littafinsa. Yana ganin gini, yana ganin tebur, don haka a nan zai sa kuɗi. Ranar da aka tara gari aka ce cikin yara 40 na CE2 ga adadin waɗanda ba su iya karanta sunansu ba, ranar ce magana ke sauyawa.

Darasi daga Brazil

A arewa maso gabashin Brazil akwai wani gari mai suna Sobral a jihar Ceará, yanki mai fari da talauci. A farkon shekarun 2000 hukumomin garin suka gwada yaransu, suka tarar kusan rabin 'yan aji biyu ba su iya karatu ba. Sai suka ɗauki manufa ɗaya tak, wato kowane yaro ya iya karatu a shekarun farko na firamare.

Suka daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, suka koma zaɓensu ta jarrabawa da cancanta. Suka ba malamai darussa tsararru da horo a kai a kai. Suka riƙa gwada yara daga waje, kuma idan yaro ya yi fashi a bi shi gida a ranar. A ma'aunin ingancin ilimi na ƙasar na 2005 Sobral tana matsayi na 1,366. A 2017 ita ce ta ɗaya a cikin ƙananan hukumomi sama da 5,500.

Filinge ba Sobral ba ce. Can ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar malamai tana biyansu, nan kuwa daga Yamai ake yi. Can sun haɗe ƙananan makarantu wuri guda suna ɗaukar yara a mota, abin da zai yi wuya a ƙauyukan da ke warwatse cikin rairayi da rashin tsaro. Abin ɗauka shi ne tsawon numfashin: sama da shekara 15 a kan manufa ɗaya, magajin gari ya sauka wani ya hau, ba a sauya ta ba.

Yadda shirin shekara shida zai kasance

Me ya sa shida? Domin shekarun da yaro ke yi ke nan daga CI zuwa CM2. Shirin da bai raka rukuni ɗaya na yara daga shiga zuwa fita ba, ba zai iya cewa ya yi nasara ko ya faɗi ba.

Shekara ta farko ta sanin gaskiya ce. Kowace ƙaramar hukuma, tare da ofishin sufeton ilimi da tarayyar kwamitocin COGES, ta gwada yaran CP zuwa CM2 da gwaji mai sauƙi na minti kaɗan: harafi, kalma, jimla, gajeren labari, sai tarawa da ɗebewa. A kuma buɗe rajistar kwanakin da aka yi karatu da gaske, wadda darakta da shugaban iyaye za su sa wa hannu duk mako. Daga nan a fitar da makarantun da suka fi rauni, a ce goma ko goma sha biyar a kowace ƙaramar hukuma, a fara da su. Sharaɗi a nan shi ne kada sakamakon ya zama bulalar dukan malami. Idan ya zama haka, a shekara ta biyu alƙaluman ƙarya za a samu.

Shekara ta biyu da ta uku na ƙwato lokaci ne da gyara tushe. A tanadi zana da dirkoki tun kafin damina a ajiye, don aji ya tsaya ranar buɗe makaranta. Idan an samu ajin siminti guda ɗaya, a bai wa 'yan CI da CP, a kuma ba su malamin da ya fi ƙwarewa, saɓanin al'adar ajiye gwani a CM2 saboda jarrabawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tsayar da sa'a ɗaya ta darasin ƙari kullum bisa matakin kowane yaro. A farfaɗo da tarukan ƙara wa juna sani na malamai, wato CAPED, su zama wurin gwada koyar da darasin mako mai zuwa.

A wannan mataki ne batun harshe ke shigowa. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2015 ta fara sabuwar manhaja a makarantu 500 da harsuna biyar: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ga ɗan Kurfey wannan dama ce ta fara haɗa baƙi da harshen da yake mafarki da shi. Amma a gunduma irin Filinge dole a duba ƙauye-ƙauye, domin abin da ya dace da Shikal ba lallai ya dace da Damana ko Bonkuku ba. Kuma jin Hausa daban, iya rubuta ta da koyar da ita daban. Sai da littattafai da horo.

Shekara ta huɗu zuwa ta shida na ɗorewa ne. A nan ake maye sauran azuzuwan zana da gini a hankali, a samar wa malamai ɗakin kwana, a haƙa rijiya ko famfo da makewayi na mata daban. A nan kuma ake shirya tsallakawa zuwa kwaleji. Yarinyar da ta ci CFEPD a ƙauyen da ba shi da kwaleji sai an nema mata mai masauki a gari, kuma a nan ne iyaye da yawa ke janye ta su yi mata aure. Nijar na da dokar kare karatun 'ya mace tun Disamban 2017, gwamnatin Mohamed Bazoum kuma ta fara gina makarantun kwana na 'yan mata. Shirin ƙaramar hukuma ya kamata ya san sunan kowace yarinya da ke CM1, ya san inda za ta sauka tun shekara guda kafin lokacin.

Dole kuma shirin ya tanadi ranar da ba a fata. Idan aka rufe makaranta saboda tsaro, wace makaranta ce za ta karɓi yaran? Wa ke riƙe da takardunsu? Ina malamin zai koma aiki? Jihar Tillaberi ta riga ta san cibiyoyin tattara ɗaliban da suka rasa matsuguni. Amsa waɗannan tambayoyi tun da sauran lafiya ya fi neman amsarsu a kan hanyar gudu.

Wa zai riƙe shirin, wa zai biya?

Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyukan ilimin firamare, kamar gini da kayan aiki, amma kuɗin da ke biyo baya ba ya kai nauyin aikin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu na wani lokaci. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Duk shirin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko aljihun baƙo ɗaya, irin wannan sauyi kan tafi da shi.

Waɗanda ba sa sauyawa su ne mai gari, da liman, da ƙungiyar iyaye, da ƙungiyar iyaye mata, da 'yan asalin garin da ke waje. A hannunsu ya kamata kwafin shirin ya zauna, a karanta shi da Hausa ko Zabarmanci a taron gari sau biyu a shekara, duk sabon darakta ko kantoma da ya zo a miƙa masa.

A nan ne 'yan bida da ma'aikata mazauna birni ke da rawar takawa. Kusan kowane gari yana da zauren WhatsApp na 'ya'yansa, kuma an saba tara kuɗi don masallaci, rijiya ko jinyar ɗan'uwa. Idan aka zo kan makaranta, hankali ya fi tafiya ga abin da za a ɗauki hotonsa, kamar katanga ko fenti. Gwajin Tawa da Damagaram ya nuna iyakar wannan. Jika ɗaya ko biyu a wata daga mutum 50, idan aka ɗore shekara shida, za ta iya ɗaukar nauyin littattafan atisaye, da fitilu masu aiki da hasken rana don karatun dare, da ɗan alheri ga matasan da ke koyar da darasin ƙari, da gyaran ɗakin malami. Gina azuzuwa da biyan albashi nauyin gwamnati ne, kuma bai kamata gudummawar jama'a ta zama dalilin sauke mata shi ba.

Abin da mai aiko da kuɗi daga Abidjan ko Legas ko Agadas zai nema a madadin kuɗinsa ba shi da yawa. Tambayoyi uku ne a ƙarshen kowane zango: kwana nawa aka yi karatu, yara nawa ne suka daina zuwa kuma su wane ne, sannan cikin 'yan CP nawa ne suka tashi daga sanin harafi zuwa karanta kalma. Darakta na iya amsa su a saƙon murya guda.

Yaran da aka rubuta a CI a bana za su zauna CFEPD nan da shekara shida. Ko an yi shiri ko ba a yi ba, ranar za ta zo. Aikin farko kuwa ba ya jiran kowa daga Yamai: a tara gari bayan sallar la'asar, a kawo yaran CE1 da 'yar takarda mai jimloli huɗu, a saurari karatunsu ɗaya bayan ɗaya.